Darasi na 9: Iskar da Ke Shiga Bangon Tumbi

Kowa ya san kumburin ciki. Ka ci wake, ciki ya cika, ka yi gyatsa, shi ke nan. Wannan iskar tana da hanyar fita.

Akwai wata iskar da ba ta da hanya. Ƙwayoyin cuta ne suke kutsawa ta inda bangon tumbi ya yi rauni, su hayayyafa a cikin naman, su riƙa fitar da iska kamar ƙullin makala da aka sa wa yis. Wani likitan Jamus, Fraenkel, shi ya fara bayaninta a 1889. Ba a cika ganinta ba, likita kan tsufa bai gamu da ita ba. Amma wajen rabin waɗanda ta kama ba sa tashi.

Ta fi samun tsoho mai ciwon suga ko na ƙoda, da wanda aka yi wa aikin ciki kwanan nan, da mai yawan shan arki, da wanda ya haɗiyi sodar sabulu. Abin da ya fi damuna shi ne maganin ciwon gaɓoɓi. Baba ya ce gwiwa, sai a aiki yaro wurin mai tebur ya sayo Diclofenac ko Ibuprofen. Ya sha yau, ya sha gobe, wani lokaci ciki babu komai, har watanni. Gwiwa ta lafa, tumbi kuwa yana ta ƙujewa. Mu da muke sayo masa, tausayi ne ya sa mu, na sani.

Ranar da tsoho ya kama saman cikinsa yana murƙususu, ga amai, wataƙila da jini, ga zazzaɓi, zuciya na bugawa da sauri, kada a ce bari gari ya waye. Kada a jiƙa masa kanwa, kada a ba shi kunu. A kai shi asibiti mafi kusa, tare da kwalayen duk magungunan da yake sha. Idan an tura ku Garwa, Marwa ko Ngaundare, ku tafi, domin hoton sikana, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, shi ne ya fi nuna iskar. A can za a dakatar da abinci, a ƙara masa ruwa, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Idan tumbin ya huje, sai aiki.

Aikin gida: ku duba ɗakin Baba ko Inna, ku kwafo sunan kowane magani da kuka gani a littafinku. Za mu karanta su tare a darasi mai zuwa.