Babi na Huɗu: Duba Motarka da Hannunka Kafin Ka Tayar da Ita

Ƴan'uwa ɗalibai, sannunku da ƙoƙari. Yau za mu ɗauke karatu daga kan allo mu kai shi gaban mota. Da yawa cikinku da mota kuke ciyar da iyali: mai jigilar fasinja zuwa Magarya, mai ɗaukar kayan lambu daga Mirya, mai kai buhuna kasuwar Dole ta nan Damagaram ranar Alhamis. Wasu yaran mota ne, wasu kuma mata ne da maigida ya bar wa mota ya yi tafiya. Darasin na kowa ne. Ba kanikanci zan koya muku ba, wannan sai a garaji. Abin da za ka iya yi a ƙofar gidanka da safe, shi za mu yi. Ka nemo farin tsumma mai tsabta, wanda babu yashi a jikinsa. Shi ne babban kayan aikinmu.

Darasi na 1: Awon baƙin mai

Cikin man da ke mota akwai iri biyu da ake rikitawa, kada ka haɗa su. Akwai wanda mota ke sha ta yi tafiya, wato esans ko gazuwal, irin wanda matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut take tacewa tun shekarar 2011. Shi ake zubawa a tanki. Akwai kuma baƙin mai, wanda ke zaune cikin inji yana sa ƙarfe ya zame kan ƙarfe ba tare da sun ci juna ba. Allurar da ke gaban direba man tanki take nunawa, ba ruwanta da baƙin mai. Na faɗi haka ne don na taɓa tambayar aji ko akwai baƙin mai a motarsu, mutum uku suka ce allura tana sama.

Ka ajiye mota a wuri miƙaƙƙe. Mutanen unguwar Birni, ku kula da wannan, ƙofar gidaje da yawa a gangare take saboda duwatsu. Mota in ta karkata, man cikinta ma ya karkata, awo ya ɓaci. Ka kashe inji. In yanzu ka dawo daga tafiya, ka jira minti goma mai ya koma ƙasa. Da safe kafin a tayar da ita ya fi.

Buɗe murfin gaban mota, ka tokare shi da sandarsa. Nemi wani ɗan zobe a jikin inji, galibi rawaya ne ko ruwan lemo, yatsa ɗaya ke shiga cikinsa. Ja shi. Wata siririyar sandar ƙarfe za ta biyo hannunka. Ita ce sandar awon mai, kanikawanmu na cewa joj, na wajen Kano na cewa geji.

To, a nan ne kusan kowa ke faɗuwa, don haka ku saurara da kyau. Abin da ka gani a jikin sanda a cirowar farko, kada ka karanta shi. Lokacin da inji ke aiki mai yana fantsama, yana hawa cikin bututun da sandar ke zaune, ya jiƙa ta har sama. Sai ka ga sanda jiƙe ka ce mai ya cika, alhali ƙasan inji ya kusa bushewa. Ka sa tsumma ka goge ta tas, tun daga sama har baki. Ka mayar da ita raminta, ka tura har zoben ya zauna daram. Ka sake cirowa. Yanzu ne za ka karanta.

Mu faɗa tare, kamar yadda muke yi da baƙaƙe: ciro, goge, mayar, sake cirowa, karanta. Abu biyar ne, yatsun hannu ɗaya. Babban yatsa ciro, manuni goge, na tsakiya mayar, na zobe sake cirowa, ƙarami karanta. In ka tsallake manuni, sauran huɗun aikin banza ne.

Me za ka karanta? Kusa da bakin sanda akwai alama biyu. A wasu motoci an rubuta MIN a ta ƙasa, MAX a ta sama. Dukansu da M suka fara, shi ya sa suke rikita sabon mai karatu. Ka dubi baƙin ƙarshe. Mai ƙarewa da X, kamar kara biyu da aka gitta, ita ce iyakar cika. Mai ƙarewa da N ita ce iyakar ƙasa. Motocin Toyota da yawa L da F suke sawa, L ƙasa, F sama. Wasu ba rubutu ko kaɗan, sai ƴan ramuka biyu ko tsaga biyu. Duk ɗaya ne: inda jiƙon mai ya tsaya ya kasance tsakanin alamun nan, ya fi kusa da ta sama. Ka riƙe sandar a kwance ko bakinta na kallon ƙasa. In ka ɗaga bakin sama, mai zai gangaro ya ruɗe ka.

In ka kasa a karon farko ba komai. Babu wanda aka haifa da iyawa. Goge, mayar, sake cirowa. Sanda ba ta gajiya, kuma ba kuɗi kake biya ba.

Wani dattijo a ajinmu na bara, mai tsohuwar Fijo, ya ce mini, "Malam, shekara ashirin ina tuƙi, ban taɓa goge sandar nan ba." Na ce, "Baba, Allah ne ya tsare, amma mu je mu gwada." Muka fita waje. Ya ciro, sanda jiƙe sharkaf har ta wuce alamar sama. Ya dube ni yana murmushi. Na miƙa masa tsumma. Ya goge, ya mayar, ya sake cirowa. Mai bai ko taɓa alamar ƙasa ba, ɗan ɗigo ne kawai a bakin sanda. Ya daɗe yana kallonta cikin rana, yana juya ta, sannan ya ce, "Da gobe da asuba zan kama hanyar Gure." Ban manta yadda hannunsa ya yi rawa a kan tsumman nan ba.

Amma akwai waɗanda na nuna wa sau biyar, sau shida, in na juya baya sai su fizgo sanda, su leƙa, su mayar. Haba jama'a! Gaggawar me ake? Goge sanda bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Ku da kuke iya zama awa guda a tasha kuna jiran fasinja ɗaya, minti ɗaya ne ya gagare ku? Inji in ya ƙone saboda rashin mai, kuɗin gyaransa na iya cinye abin da ka tara a damina da rani. Kuma kada wani ya sake mayar da sanda rabi ya ciro. In ba ta shiga har ƙarshe ba, za ta nuna mai ya yi ƙasa, ka je ka ƙara wanda ba a bukata. Tura ta har ta zauna. Ciro, goge, mayar har ƙarshe, sake cirowa, karanta.

In mai ya yi ƙasa, nemi murfin da ke saman inji, mai hoton ƴar buta da ɗigo a bakinta. Ba ta ramin sanda ake zubawa ba. A yawancin ƙananan motoci, daga alamar ƙasa zuwa ta sama kusan lita 1 ne, saboda haka kada ka juye galan gaba ɗaya. Zuba rabin lita, jira minti biyu ko uku ya sauka, ka auna. Yaya ake aunawa? Kun sani: a goge tukuna. In bai kai ba ka ƙara kaɗan, ka sake aunawa, ka sake gogewa. Mai in ya wuce alamar sama yana kumfa, yana matsa robobin inji su fara yoyo.

A jikin galan akwai lamba, kamar 20W-50 ko 15W-40. Lambar kaurin mai ce. Ka tambayi kanikenka wadda ta dace da motarka, ka rubuta ta a littafinka, ka riƙa nuna wa mai shago. Ni dai ba na sayen man da aka ɗura a kwalba ba suna ba lamba, don ban san abin da aka gauraya a ciki ba.

Ka dubi kuma abin da ya fito a kan tsumma, shi ya sa na ce fari. Sabon mai kamar zuma yake. Wanda ya yi aiki yana duhu, na motar gazuwal ma da wuri yake baƙi, wannan ba laifi. In ka murza shi tsakanin yatsu ka ji tsakuwa-tsakuwa, lokacin juye, wato canza mai, ya yi. In ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa, kada ka tayar da mota, kira kanike. A ƙurar ƙasarmu, da irin man da yawancinmu ke saye, kilomita 5,000 ya isa a yi juye a canza matatar mai. Ga lissafi: in ranar juye lambar kilomita tana 182,400, ƙara 5,000, ya zama 187,400. Rubuta shi. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, zuwa da dawowa sau uku ka riga ka wuce.

In kana tafiya jar fitila mai hoton ƴar butar nan ta kama, ka sauka gefen hanya ka kashe inji nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa gari. Jira minti goma, ciro, goge, mayar, sake cirowa, karanta.

Darasi na 2: Ruwan lagireto

Lagireto shi ne mazaunin ruwan da ke sanyaya inji. Kada ka buɗe murfinsa inji na da zafi. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa na iya wuce digiri 100, kana sassauta murfi zai yi tsiri ya watso maka a fuska da hannu. A watan Afrilu da Mayu, da zafin gari ke haura digiri 40, motoci ke yawan tafasa a hanya, a lokacin ne kuma ake yawan ƙonewa. Ka jira har ka iya ɗora tafin hannu kan inji. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, ƙarfe na iya tsagewa.

Yawancin motoci suna da farar robar ruwa a gefe, ana ganin ruwan daga waje. A jikinta za ka sake haɗuwa da MIN da MAX. Kun riga kun san su, X sama, N ƙasa. Da safe ake dubawa. Ruwan rijiya yana barin farin ɓawo a cikin lagireto, irin wanda kuke gani a gindin butar shayi, a hankali ya toshe hanyoyin ruwa. Ruwan lagireto na kanti, kore ko ja-ja, ya fi. Guba ne kuma yana da zaƙi-zaƙi, a ɓoye shi daga yara da awaki. Mai bin hanyar Tanut zuwa Agadas kada ya fita ba jarkar ruwa a mota.

Darasi na 3: Matatar iska

Inji yana shaƙar iska kamar mutum. Matatar tana cikin baƙin akwatin roba mai ƴan maƙalai. Buɗe, ciro ta, ka lura da yadda take zaune don ka mayar daidai. Bubbuga ta a hankali ƙura ta zube. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa. Ɗaga ta ga rana, in haske ba ya ratsa ta ko ta yage, sai sabuwa. Lokacin hunturu a duba kowane mako.

Darasi na 4: Batir

Batirin ƙaramar mota volt 12 ne. Kansa biyu, ɗaya da alamar tarawa +, ɗaya da alamar ɗebewa −. In za ka kwance, fara da −. In za ka ɗaura, ƙare da −. Sufana lamba 10 ce ke kama yawancinsu. Kada sufana ta taɓa kawunan biyu lokaci ɗaya, kada a sha taba a kusa. Farin garin da ke taruwa a kai a kankare shi, a wanke hannu bayan an gama.

Darasi na 5: Taya

Yawan iskar da ta dace yana rubuce a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Ka nuna wa mai faci lambar, a auna taya tana sanyi. A duba ta ajiya ita ma. A gefen taya akwai lambobi huɗu na haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019.

Darasi na 6: Jak

In za ka ɗaga mota da jak, ja birkin hannu, sa dutse a bayan taya. A kan yashi a shimfiɗa katako ƙarƙashin jak. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Aikin gida: kowa ya auna baƙin mai kwana uku a jere, ya zana sanda a littafinsa ya nuna inda mai ya tsaya. Ranar Asabar ku zo da littafin, ku zo da tsumman ma in gani.