Yadda ɗalibi zai haɗa bidiyon waƙa bisa ka'idar Goodwin

Da farko ka saurari waƙar har ta zauna maka, ka rubuta baitocinta. A 1992 Andrew Goodwin, wani masani mai nazarin bidiyon waƙa, ya bayyana cewa hoto kan bi waƙa ta hanya uku: ya nuna abin da baiti ya faɗa, ya ƙara masa ma'ana, ko ya saɓa masa. Zaɓi ɗaya ga kowane baiti. Idan mawaƙin kewar gida yake, ɗauke shi a cinkoson kasuwar Wunti ta Bauchi, kowa na hada-hada shi kuwa ya yi zugum. Wannan ƙarin ma'ana ne, kuma ni shi na fi so.

A amshi, matso da kyamara kusa da fuskarsa. Wajen tacewa, yanka hoton daidai bugun kalangu. Kafin ɗaukar hoto, nemi izinin 'yan kasuwar tukuna.