Darasi na 7: Ƙurar Gari Tana Fashewa

Da yawa daga cikinmu a Gadarif, Sinnar da Wad Madani, abincinmu yana wurin da ake niƙa ko ake ɗura buhu: ɗahunar dawa, rumbun hatsi, shagon kafinta, ko kamfanin sukari irin na Kenana. Mun san ƙurar da ke hawa gira da gemu. Muna kuka da ita saboda tari. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tana iya rusa gini.

Ƙurar habub, wato guguwar hamada, yashi ce, ba ta cin wuta. Amma ƙurar gari, ta sukari, ta katako da ta auduga, makamashi ce. Idan tana kwance, a hankali take ci. Idan ta tashi ta cika ɗaki, iska ta kewaye kowace ƙwaya, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Sai ta kama gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. In ɗakin a rufe yake, zafin ya rasa hanyar fita, sai ya fasa bango.

A nan ne nake so mu natsu. Fashewar farko sau da yawa ƙarama ce, a cikin inji ɗaya. Amma tana girgiza ginin. Ƙurar da ta yi watanni a kan ƙarafan rufi, a kan bututu, a kan fitila, sai ta zubo ta zama hazo, ga wuta na jira. Wannan ta biyun ita ce mai kisa. Haka aka yi ranar 7 ga Fabrairu, 2008, a matatar Imperial Sugar da ke jihar Jojiya a Amurka. Fashewa ta fara a wajen bel ɗin da ke ɗaukar sukari ƙarƙashin rumbuna, ta bi ƙurar da aka bari ta taru, ta ratsa ginin. Mutum 14 suka mutu. Sukari ne fa, wanda muke zubawa a shayi.

Ba sai ƙura ta yi tudu ba. Kaurin da bai kai milimita 1 ba, in ya rufe wuri mai faɗi, ya isa haɗari. In ka daina ganin launin fentin inji, ta yi yawa.

To, yaya ake sharar? A fara kashe inji. A fara daga sama, a sauko ƙasa, da burushi mai laushi, sannu a hankali. Kada a hura ƙura da iskar kwamfuresa. Na san ya fi sauri, musamman in an gaji ana son tashi, amma mai hurawa da hannunsa yake haɗa hazon nan da muke tsoro. A yayyafa ruwa kaɗan kafin a share ƙasa. Ban da ƙurar alminiyam: ita ba a sa mata ruwa. Abin da aka tara a fitar da shi waje a ranar, kada ya kwana a lungu. Inda gari ke yoyo, a toshe, don shara ba ta cin ma rami.

Sai wuta. Sigari a waje. Kaskon gawayin jabana, wato gahawa, shi ma a waje, nesa da ƙofa. Ba a walda sai an share wurin tas. In ka ji ƙaurin bel, ko ka taɓa inji ka ji zafin da ba ka saba ji ba, ko ka ga wayar lantarki tsirara, ka gaya wa maigida nan take: "Ranka ya daɗe, a tsai da inji a duba."

Aikin gida: gobe kafin a ta da inji, ka sa tsani ka hau wurin da ba a sharewa. Ka rubuta sunanka da yatsa a kan ƙarfen. In sunan ya fito, ka kira maigida ya karanta, sannan ka zo aji ka gaya mana abin da aka yi.