Aikin ja-gora a dajin Maraɗi: abin da ake nema wajen mai shi

Baƙo ba ya biyan ja-gora don ya nuna masa hanya kawai. Yana biya ne don a kai shi inda dabba take a lokacin da take nan, a kuma maido shi lafiya.

Sanin lokaci shi ne farko. A gandun Gadabeji da ke yankin Dakoro, wanda aka keɓe tun 1955, barewa da raƙumin dawa suna kiwo da sanyin safiya da kuma bayan la'asar. Wanda ya shiga da baƙi ƙarfe 11 na safe a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, inuwa kawai za su yi ta nema. A fita da asuba. A tabkin Madarunfa kuwa, lokacin sanyi ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da tsuntsayen Turai ke sauka su haɗu da zalɓe da balbela da dinya.

Sai karatun ƙasa. Sawun da gefensa ke da kaifi na yau ne. In iska ta share bakinsa ko ƙwaro ya ratsa ta kansa, ya kwana. A ɗebi ɗan rairayi a sake shi a ga inda iska ta nufa, sannan a tunkari dabba iska na bugun fuska, don kada ta ji warin mutane. Da raƙumin dawa ya daina ci ya kafa muku ido, kun matso da yawa, ku tsaya. Waɗannan raƙuman daga Kure da ke kusa da Yamai aka kawo su, guda 8 a 2018, bayan shekaru kusan 50 babu su a Gadabeji, saboda haka korar su da mota don hoto ba ƙaramin laifi ba ne.

Baki ma yana da nasa aiki, amma surutu yana korar dabba. A yi bayani a mota ko a inuwa, a yi shiru a kusa da dabba. Sunan itace kaɗai bai isa ba. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, shi ya sa manomi ke barinsa a gona: ba ya tare wa hatsi rana, ganyensa taki ne, ƴaƴansa abincin dabbobi. Irin wannan bayani baƙo ke riƙewa, musamman a Maraɗi inda sassabin zamani, wato renon itatuwan da ke sake toho a gona maimakon sare su, ya samo tushe. A gargaɗe su kan nonon tumfafiya, yana cutar ido. Abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Makiyayin da ke kusa sau da yawa yana da amsa, in an fara da sallama da gaisuwa. Kuma ba a ɗaukar hoton ruga ko mata a bakin rijiya sai da izini.

Guzuri: ruwa lita 5 ga kowane mutum a yini, da ƙari na mota, tayar safaya 2, shebur, igiyar ja. In mota ta kafe a rairayi, kada a ƙara wuta, ƙara nutsewa take; a rage iskar taya, a haƙe gabanta. Wanda ya fara jiri da ciwon kai, a kai shi inuwa a ba shi ruwa lita 1 da aka dama da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Saran kububuwa ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tam. A hana ƙafar motsi a nufi asibiti. Takalmi rufaffe dole ne, ko don ƙarangiya.

Kafin tashi a sanar da ma'aikatan gandun daji, a karɓi izini, a tambayi halin tsaro, musamman wajen dajin Baban Rafi da ke kusa da iyakar Najeriya. A bar wa wani a gari sunan hanyar da za a bi da lokacin dawowa, don akwai wuraren da waya ba ta kamawa.