Yadda ake shirya tsohuwar jif don ambaliyar Legas

Da damina ta kankama a watan Yuni da Yuli, masu tsofaffin Land Cruiser da Hilux da Pajero kan ruga Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, su sayo sinokil, wato dogon bututun nan da ke kai wa inji iska daga saman mota. Yana da kyau, amma inji kaɗai yake karewa. Abin da ke kwantar da yawancin motocin nan a ƙasa yake, cikin aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyi biyu, mai ɗauke da giya da mai a cikinsa.

Kowane aksul yana da ɗan hancin numfashi a samansa, ƙaramin ƙarfe mai hula. Ka taso daga Agege cikin gosulo, man aksul ya ɗauki zafi, sai ka faɗa ruwan sanyi a hanyar Lekki zuwa Ajah. Nan take iskar ciki za ta tsuke, aksul ya zuƙi abin da ya samu, ko ta hancin ko ta oyil sil ɗin da ya tsufa. Ba za ka ji komai ba ranar. Sai bayan wata biyu kuka ya fara daga baya, makanike ya ce boris ya ci.

Maganin shi ne ka ɗaga hancin sama. Ka sayi tiyon fetur mai faɗin milimita 6, kamar mita 6 zuwa 7 don gaba da baya, da kilif, da kan tagulla mai irin zaren tsohon hancin, da ƙananan filtocin fetur na babur guda biyu. Ka tafi kasuwa da tsohon hancin a aljihu ka gwada zaren, kada ka yarda da "zai shiga" na mai shago. 

Ka wanke wurin tas kafin ka kwance, don kada yashi ya faɗa ciki. Ka ɗaura kan tagullar, ka cusa tiyo, ka matse da kilif. A nan ne sababbin hannu ke ɓata aiki: sai su ja tiyon ya miƙe ɗamau zuwa shasi. Aksul ba a tsaye yake ba, yana hawa yana sauka. Ramin farko da ka faɗa zai fizge tiyon, ya bar maka rami a buɗe, gara ma da ba ka taɓa ba. Ka ɗaga motar da jak ta shasi har taya ta rataya, a wannan halin za ka auna, sannan ka ƙara tafin hannu guda. Ka bi layin bututun birki, ka nisanci salansa, ka kai bakin tiyon can sama cikin bonet, ka sa filta, bakin yana kallon ƙasa. Giyabos da akwatin tiransifa, mai raba ƙarfin inji ga tayoyin gaba da na baya, su ma haka za a yi musu.

Ranar shiga ruwa, ka tsaya ka ga inda ya kai wa danfon (bas ɗin haya) da ke gabanka. In ya haura rabin taya, ni dai shawarata ka juya, don gwatar Legas ba ta da murfi a wurare da yawa. In za ka shiga, ka sa L4, wato ƙaramar giya mai jan tayoyi huɗu, da giya ta biyu, totur daidai, kada ka taka kuloci a tsakiya. In injin ya mutu, kada ka sake murza makulli. Ruwa ba ya matsuwa, zai lanƙwasa sandar fistin, musamman a injin dizal irin 1HZ na Land Cruiser.

Da ka fito ka ɗan riƙa taka birki ya bushe, ka cire L4 kafin ka hau busasshiyar kwalta. Washegari ka kwance murfin zuba mai na aksul, shi ake fara buɗewa kafin na tsiyayewa, a Toyota soket mai lamba 24. Ka tsoma yatsa. In man ya fito kamar kunun gyaɗa, ka zubar, ka sa sabon man giya mai lamba 80W-90 GL-5 har ya fara dawowa ta bakin. Ka buga giris a firofela, ka sa a wanke ƙarƙashin motar da ruwa mai kyau, don ruwan ɓangaren Lekki yakan zo da gishiri, shasi kuma ba ya jure masa.