Darasi na 9: Shigar da lambar gona a taswirar waya da adana ta

To jama'a, a darasin baya mun ga cewa kowane wuri a doron ƙasa yana da lambobi biyu, ta farko latitud mai nuna nisanka arewa ko kudu, ta biyu longitud mai nuna gabas ko yamma. Yau kuma yadda ake rubuta su za mu yi, don anan ne mutane ke tafka kuskure wallahi.

Kano tana wajen 12.0 arewa da 8.5 gabas. Amma wannan ai garin kawai ya nuna, bai nuna gonarka ba. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, saboda haka lambobin da ke bayan ɗigo su ne ke matso da kai. Idan uku ka rubuta kana iya kuskurewa da mita 100 da wani abu, huɗu kuma mita 11, biyar kusan mita ɗaya, shida kuwa bai wuce tsawon yatsa da ɗan ƙari ba. Na ga wani ya kwafi lambar rijiyar burtsatse a takarda ya yanke na ƙarshe wai sun yi masa yawa, da masu gyara suka zo sai waya ta kai su cikin gonar maƙwabci suna ta zagaye a cikin dawa. Kar ka yanke ko ɗaya, rubuta biyar ko shida yadda waya ta ba ka.

Sai dai fa kada yawan lambobi ya ruɗe ka, wayar hannu a fili ma takan kuskure da kamar mita 5, balle a ƙarƙashin kuka ko jikin katanga. Ka tsaya a sarari, ka ba ta kamar minti ɗaya ta natsu tukuna. Maganar shari'ar fili kuma aikin safiyo ne, su da na'urarsu, kuma tsofaffin takardun safiyo na Najeriya da wani ma'aunin taswira da ake kira ma'aunin Minna aka yi su, waya kuwa ma'aunin duniya mai suna WGS 84 take bi, shi ya sa lambobinsu ba sa faɗawa wuri ɗaya.

A Google Maps latitud ake fara rubutawa, sai waƙafi, sai longitud. In ka juya na Kano ka sa 8.5 a farko, za ka tsinci kanka wajen Ganye a jihar Adamawa. Tsakiyar lamba kuma ɗigo ake sawa, 'yan uwanmu na Nijar ku kula da wannan tunda a makarantar Faransanci waƙafi aka koya muku. Na zangon Kumasi a Ghana ku kuma kuna yamma da layin da longitud ke farawa daga sifili, dole ku sa alamar ɗebewa kafin longitud, in ba haka ba sai wajen iyakar Togo da Benin.

Akwai kuma rubutun digiri da minti. Minti 60 ne a digiri, don haka digiri 12 da minti 30 shi ne 12.5, wanda ya rubuta 12.30 ya kauce da kilomita 22.

Adanawa ba wuya. Danna wurin a taswira ka riƙe har jan fil ya fito, ka adana ka sa masa suna da za ka gane, kamar "gonar Baba, kusurwar gabas". Sannan ka kwafe a littafi da biro, waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

Aikin gida: kowa ya je ƙofar gidansa ya ɗauki lamba da safe, ya sake ɗauka da yamma, ya kawo mana duka biyun mu ga daga lamba ta nawa suka fara bambanta.