Yadda za ki bi girman jaririnki a shekarar farko

Toh ƴar uwa, abu na farko ki ajiye katin awo a inda hannunki zai kai, duk zuwa asibiti a auna shi a rubuta, don ido kawai yana yaudara wlh. Kwanakin farko bayan haihuwa jariri yakan ɗan rage nauyi, kar hankalinki ya tashi, yawanci zuwa sati 2 ya dawo da abinsa, zuwa wata 5 ko 6 nauyin haihuwarsa ya ninka biyu, a shekara 1 kuma wajen ninki uku.

Sai ki riƙa lura da abin da yake iya yi. Wajen wata 2 zai fara miki murmushi, wajen wata 6 ya fara zama, daga nan rarrafe, wasu ma ba sa rarrafen sam sai dai ki ga sun kama kujera sun miƙe, tafiya kuma tsakanin wata 12 zuwa 18. Ni dai ban ga amfanin gwada shi da ɗan wata mata ba, kowane yaro da saurinsa.

Nono zalla har wata 6, ko ruwa ba sai kin ba shi ba, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Ki riƙa masa magana kina masa waƙa ko da ba ya amsawa, ta nan yake kwasar harshe.

Amma in wata 9 ya cika bai zama ba, ko ba ya juyowa in ya ji sauti, ko ya daina abin da ya iya a da, kai shi wajen likita kar ki tsaya jira.